Goman Maraɗi: ba na ɗaya ne matsalarmu ba, na bakwai da na takwas ne



Kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, sanyi ya fara bugowa, to kun san abin da ya rage: maganar takobi. Duk fadar da ka tsaya yanzu, kafin a sauke shayin farko an shiga gardamar wa za a sa cikin goman Maraɗi, wa za a bari gida. Ni ma ina da tawa, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina mun daɗe muna gardama a kan abin da ba shi ne ke kayar da mu ba. Kowa bakinsa na kan zakara, wa zai tsaya gaban Isaka Isaka, wa zai zama sabon Kantu. Ba ka jin mai tambayar wane ne na bakwai cikin jerin, wane ne na takwas, wane ne na goma. Alhali a wurin waɗannan ne ake cinye mu.

Bari in fara da yadda gasar take, don da yawa cikinmu muna kallo a Télé Sahel muna ihu, amma ba mu taɓa zama mun yi lissafin ba. Jahohi 8 ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokowa 10, ya zama 80. A zagayen farko kowace jaha sai ta kara da sauran bakwai ɗin, goma da goma. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Amma, kuma nan ne maganata take, bai koma gida ba. Gobe zai sake shiga fili, jibi ma haka, har a gama zagayen. Takobin ya kuɓuce masa, amma hannunsa na nan, yana iya kayar da zakaran wata jaha ya fitar da shi.

To yanzu ku yi lissafi da ni. Ranar da Maraɗi ta haɗu da Doso, gwanin Doso mutum ɗaya tak zai kama cikin gomanmu, kuma ƙuri'a ce ke haɗa su, ba son rai ba. Idan cikin goman nan mutum biyu ne kawai ke iya tsayawa da shi, to sau takwas cikin goma zai faɗa kan wanda zai ɗauka ya aje cikin minti ɗaya, ya kakkaɓe rairayi ya tafi ya huta. Haka ranar Tawa, haka ranar Yamai, haka ranar Damagaram. Wato muna bai wa manyan 'yan kokowar ƙasa hutun kwana ɗaya kyauta. Shi kuwa namu gwanin, duk ranar da ya je jahar da gomanta cike take, babu hutu gare shi. Yau ya yi gumi da na shida ɗinsu, gobe ya yi da na tara ɗin wasu, kafaɗa ta fara ciwo, yatsa ya goce. In Allah ya sa ya kai ƙarshen zagayen bai faɗi ba, ya isa a gajiye, shi kaɗai, ga wata jaha ta iso da mutum biyu ko uku a tsaye.

Wannan ita ce damuwata, ba rashin zakara ba. Zakara muna da shi kusan kowane zamani. Yakuba Ango Kantu ne ya ɗauki kambun farko a Tawa a 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Labo Maikafo ya yi zamaninsa. Umaru Bindigau ya kawo mana takobi, waɗanda suka ga tarbar da aka yi masa ba sa mantawa. Ko kwanan nan, Aibo Hasan ya kai wasan ƙarshe a Agadas a ƙarshen 2023, Isaka Isaka na Doso ya kayar da shi ya ɗauki takobinsa na 6. Ba wanda zai ce ƙasar Katsina da Gobir ta daina haihuwar ƙarfafa. Amma tun bayan Bindigau mun yi shekara da shekaru muna jira. An yi gasar a gidanmu, a filin Kantu, makaɗanmu, jama'armu, ruwan rijiyarmu, sai ga Usman Hasan na Tilaberi ya ɗauki takobin ya wuce ta gabanmu. Wallahi har yau in an tuna, fada kan yi shiru.

Yanzu ra'ayoyin da nake ji a gari.

Akwai masu cewa a bar tsofaffin hannu, su suka san fili, su ba sa rawar jiki in an buga ganga gaban dubban mutane da gwamna da ministoci. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. Yaron da bai taɓa fita daga Madarumfa ba, in ka tsayar da shi gaban kyamara, mai kirari na zuga abokin karawarsa, ƙafarsa na iya mutuwa tun kafin a kama. Tsohon hannu ya san yadda ake cin lokaci, ya san yadda ake sa alƙali ya bai wa abokin karawa gargaɗi. Amma tsohon hannu iri biyu ne. Akwai wanda har yanzu in ya riƙe ka sai ka ji a jikinka, akwai kuma wanda suna ne kawai ya rage, da layu, da rawa mai kyau kafin a fara. Na farkon a sa shi ko da furfura. Na biyun a girmama shi, a ba shi kujera kusa da mai horarwa ya koya wa yara, amma kada a ba shi gurbi don kunya. Gurbi goma ne kacal, ba a rabon su kamar goron suna.

Akwai kuma 'yan zafin kai, galibi matasa a Facebook, masu cewa a share kowa a kawo sabbin jini goma. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa kamawa da kowa ba. Ka kai yara goma sabbi, ranar farko a zubar maka da bakwai, ranar ta biyu a ƙarasa sauran, ka zauna kwana biyar kana kallon wasu. Ba zan ɓata lokaci a kanta ba.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce maganar masu tafiya. Kowa ya sani, ba asiri ba ne, ɗan kokowa kan tashi a wata jaha ya je ya ɗaura wa wata. Yamai na ja, Agadas na ja. In aka ce wane ya koma can, sai ka ji zagi: maci amana, ya sayar da garinsu don babur. Ni dai ba na cikin masu zagin. Ku tsaya ku duba rayuwar mutumin nan. Manomi ne, ko mahauci, ko ɗan dako, ko ɗan kabu-kabu. Ƙarfinsa na shekara goma ne, in ya yi sa'a sha biyar. In gwiwa ta tashi aiki, ba fansho, ba mai biya masa magani. Wani mai hali a wata jaha ya ce zo, ga ɗaki, ga abinci, ga ɗan abin da za ka aika gida duk wata. Mu kuma me muka aje masa? Tafi da kirari. Kirari ba ya sayen tiyar gero.

Kuma ku lura da waɗanda ke tafiya. Ba zakaran ba ne, shi zakara ana riƙe shi, alhazai na yi masa alheri, yana da masu gida. Masu tafiya su ne na tsakiya, wanda bara ya zo na goma sha ɗaya ko sha biyu a zaɓe aka ce ya jira baɗi, ya ga an sa wanda ya tabbata ya fi shi. Irin wannan in ya tafi ba a ma lura, sai ranar da ƙuri'a ta haɗa shi da namu gwanin, sanye da kayan wata jaha, ya san duk dabarunsa don tare suka tashi. Wato asara biyu: mun rage ƙarfin gomanmu, mun ƙara wa na wasu.

Masu maganar asiri kuwa, cewa wai an ɗaure mu ne, an binne wani abu a ƙofar fili, na bar su da malamansu. Kowace jaha da nata layu take zuwa, ban ga wadda ta zo hannu sake ba. In laya ce ke ɗaukar takobi, da an raba shi takwas.

Me nake so a yi? Abu na farko, zaɓen ya zama a fili, ƙasa ta yanke hukunci. Jahar nan faɗi gare ta: Dakwaro, Barmo, Mayahi, Tasawa, Gazawa, Agye, Gidan Rumji, Madarumfa, ga birnin kansa. Ƙauyukan da ke cikinsu, da an gama girbi ake kokowar dandali da dare, wannan ƙauye ya je wa wancan. A nan Kantu da ire-irensa suka fito, ba a ofis ba. Wa ke zuwa kallon waɗannan yanzu da idon neman yara? In mai horarwa bai taka ƙafa ya je kasuwannin ƙauye ba, in sai wanda ke da kuɗin mota ya kawo kansa Maraɗi ne za a gani, to rabin ƙarfin jahar na can yana kokowa don goro da sabulu. Jiratawa da Tibiri ma da ke bakin hancinmu, sau nawa aka je?

Na biyu shi ne lokaci, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Tara mutum goma kwana kaɗan kafin tafiya, a ba su nama da madara, a ce an yi shiri, wannan ba shiri ba ne, kiwon sallah ne. Jikin da zai yi kokowa bakwai cikin mako guda, wasu da safe wasu da yamma, da mutanen da suka bambanta a nauyi da tsawo, ba a gina shi cikin mako biyu. Ku tuna a takobi babu rabon nauyi. Mai kilo 75 na iya faɗawa hannun mai kilo 110, ba mai tausaya masa. A gasar CEDEAO ne ake raba su aji-aji bisa sikeli. Saboda haka goman da ke da hankali ba ƙattai goma ba ne, ba kuma 'yan sauri goma ba. Ana son mai nauyin da ba a ɗaga shi, ana son gajere mai shiga ƙasa ya ɗauke ƙafa, ana son mai dogon numfashi da zai ja babban mutum har ya gaji. Kuma su yi ta kamawa da junansu watanni, don gwaninmu ya saba da kowane irin jiki tun a gida. Dubi Senegal: 'yan kokowarsu na cikin ƙungiyoyi irin su Fass a Dakar, suna atisaye shekara zagaye, ƙarami na koyo a hannun babba. Ba na cewa mu kwafi kokowarsu mai naushi, tamu daban ce. Amma zaman tare ɗin nan, shi ne ba mu da shi. Filin Kantu na nan tsaye wata da watanni, in ba taro ko wasa ba, awaki ne ke zagaya shi.

Za a ce kuɗi. E, kuɗi. Amma wannan Maraɗi ce fa, garin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Alhazan da ke fito da miliyoyi da babura da buhunan shinkafa ranar wasan ƙarshe, mai sanarwa na kiran sunansu a lasifika, Allah ya saka musu, ba na hana su. Roƙona ɗaya: kashi kaɗan na wannan kyautar a fito da shi tun watan Oktoba, lokacin da ba kyamara. Ɗan kasuwa ɗaya ya ɗauki nauyin ɗan kokowa ɗaya, abincinsa da maganinsa da ɗan abin cefanen iyalinsa na wata uku. Mutum goma sha biyar ake nema su yi haka, ba ɗari ba, goma na tafiya da biyar na jiran ko-ta-kwana. A babbar kasuwa kaɗai za a same su kafin azahar. Kuma kada kowa ya rugo kan zakara. A samu mai cewa ni na tara nake so.

Mu ma 'yan kallo da namu. Yaro ya faɗi ranar farko, sai mu yi ta yi masa ba'a a waya, a yanka bidiyon faɗuwarsa a sa waƙa a yi ta turawa. Ga shi da sauran kokowa shida a gabansa, kuma cikin shidan nan wataƙila akwai wanda in ya kayar, hanyar gwaninmu ta buɗe. Wanda aka gama yi wa dariya a garinsu, da wace zuciya zai shiga fili gobe? Makaɗa da masu kirari ma haka, duk zugar na kan mutum ɗaya ko biyu, sauran su shigo kamar baƙi.

Ga masu zaɓe, buƙatata ƙarama ce. A sanar da ranar zaɓen jaha da wuri a gidajen rediyo, Anfani da sauransu, don mutanen ƙauye su ji. A yi shi ƙofa buɗe. In an gama a karanta sunaye goman da na jiran, kowa da garinsa da yawan kayen da ya yi a zaɓen, don wanda aka bari ya san dalilin barinsa, kada ya kwana yana tunanin mota mai zuwa Yamai.

Ku kuma da ke karatu, ku rubuto mana naku goman a ƙasa. Sharaɗi ɗaya: kada ku fara daga na ɗaya, wannan kowa ya san shi. Ku fara daga na goma ku hauro, ku faɗi garin kowane da inda kuka ga kokowarsa.