Makarantarmu Ba Ta Da Tarihi Ne, Ko Mu Ne Ba Mu Rubuta Ba?

Wannan makon magana ce ta gida, kuma laifin da za mu ambata namu ne, don haka kada wani ya ji haushi.

Duk wanda ya tashi a yankin Zazzau ya san labarin Barewa ko da bai taɓa leƙa ƙofarta ba. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949. Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Gowon da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun ratsa ta. Kowane ɗalibinta yana da lambarsa ta shiga makaranta, kuma tsofaffin ɗalibai suna riƙe da ita har tsufa. Yau kana iya zama a ɗakinka ka karanta duk wannan, saboda wasu sun zauna sun rubuta.

To mu da muka yi sakandaren jeka-ka-dawo a Kudan ko Hunƙuyi ko Maƙarfi ko Ikara fa? Mun gwada tambayar junanmu kwanan baya, mu biyar 'yan makaranta ɗaya: wace shekara aka buɗe makarantarmu? Aka samu amsa uku. Wane ne firinsifal na farko? Shiru. Gonar wa aka karɓa aka gina azuzuwan? Nan ma shiru. Shekara shida muka yi a wurin, kuma dukkanmu muna kiran kanmu marubuta.

Akwai mai cewa ai irin waɗannan makarantun ba su da wani tarihi, gini ne kawai da allo. Ba mu yarda ba. Da yawa daga cikinsu sun taso ne bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da yara suka cika firamare har makarantun kwana suka kasa ɗaukarsu. Dole aka kawo sakandare kusa da gida. Wannan ne ya ba ɗan manomin rake damar ya yi aji da safe ya shiga gona da yamma, ya kuma ba yarinyar da mahaifinta ba zai taɓa yarda ta kwana a wani gari ba damar ta wuce aji shida. Iyayenmu suna ba da labarin malamai 'yan Indiya da 'yan Ghana da suka koyar a makarantun Arewa a wancan zamani, da yadda korar baƙi ta 1983 ta kwashe wasu. Idan wannan bai isa labari ba, me ya isa?

Ku tuna harabar kanta. Layin darbejiyar da wasu ɗalibai suka dasa a matsayin horo, yau ita ce inuwar asambule. Ƙarfen tayar mota da aka rataya a bishiya ya zama ƙararrawa. Ɗakin gwaje-gwajen da muka fi sanin kwaɗonsa fiye da cikinsa. Bulo ɗaya da guguwa ta yaye wa kwano, muka yi zango guda muna karatu a gindin mangwaro. Da yadda aji ke raguwa idan lokacin saran rake da dafa mazarƙwaila ya zo, malami ya kira suna ya ji shiru, ya kuma san dalili. Amma mu buɗe labaran da muke turawa WhatsApp, sai mu tarar jarumarmu tana wata makarantar kuɗi a Abuja, direba na jiran ta da mota mai sanyi. Ba mu ce haramun ba ne, masu karatu suna so. Sai dai wanda ya san waccan makarantar ya fi mu iya rubuta ta, tamu kuwa idan mun bar ta babu mai ɗauka.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne fili. Makarantar da aka gina a bayan gari, yanzu gari ya iso ta. Inda babu katanga, kowace damina sai kunya ɗaya ta shigo, kowane rani sai harsashin gini ya matso. A tamu, filin ƙwallon da muka sani ya ragu, mun gani da idonmu. Ranar da za a zauna gaban mai gari ko hakimi a kan iyaka, wa zai yi shaida? Dattawan da suka ga ranar da aka auna filin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Littafin da firinsifal ke rubuta abubuwan da suka faru kullum, in ma yana nan, yana cikin kabad ɗin da gara ke yi wa hidima. Rubutaccen bayani mai ɗauke da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa yana iya tsare wa ƙannenmu filin wasa.

Wani zai ce mu ba masana tarihi ba ne, yawancinmu difloma ce a hannu. Gaskiya ne. Amma aikin farko ba ya buƙatar digiri. Waya mai ɗaukar murya ce, da littafin rubutu, da ladabin durƙusawa a gaida tsoho. Mu fara da maigadi, don sau da yawa ya fi kowane firinsifal daɗewa a wurin. Sai tsohon malamin da ya yi ritaya, sai 'yan sahun farko, musamman matan cikinsu, waɗanda ba a cika tambayarsu komai ba. Inda biyu suka saɓa a kan shekara, mu rubuta duka biyun da sunan mai kowace magana, kada mu zaɓi wadda ta fi mana daɗi. Kuma kada mu mayar da shi waƙar yabon wani ɗan siyasa da ya yi wa aji biyu fenti.

Mu biyar ɗin nan mun sa ranar Asabar mai zuwa za mu je wurin tsohon maigadinmu. An ce jikin nasa ya yi nauyi, shi ya sa ba mu ɗaga zuwa bayan girbi ba. Wanda yake da tsohon hoton makarantarsu, ko katin sakamako na shekarun 1980, ya ɗauka ya ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu, ya faɗi garin da shekarar.