Sulhu ya buɗe gonaki a Batsari da Safana, amma wa zai kare koramu?

Tun bayan sulhun da al'ummomin Batsari da Safana suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025, manoma da dama sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Abin murna ne. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba: halin da koramu da tafkunan yankin za su shiga idan noma ya ci gaba da faɗaɗa ba tare da tsari ba.

Ruwan wannan yanki na gangarawa ne zuwa kogin Rima. Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin biyu, shi ke riƙe ƙasa da rage gudun ruwan damina. Duk inda aka sare itatuwa aka yi sabuwar gona, ruwan sama na kwashe ƙasar ya zuba a korama. Yashi ya cike gurbin, kududdufin da kan kai bazara ya ƙafe tun cikin hunturu, kifi ya rasa wurin haihuwa, makiyayi kuma ya rasa mashaya. Rashin mashaya na daga cikin abubuwan da suka daɗe suna haddasa rikici tsakanin manoma da makiyaya.

Noman rani ma na da nasa tasirin. Lokacin sanyi ne ake shuka alkama da albasa da tumatir a fadamu, dab da bakin ruwa. Takin yuriya da NPK da amfanin gona bai sha ba yana komawa cikin ruwan tare da maganin feshi. Takin na ciyar da gansakuka, ita kuma idan ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Ba a nan kaɗai ake wannan fama ba. A Kanada da Rasha, ɗumamar yanayi na ba da damar noma a yankunan arewa masu tsananin sanyi. Tafkin Winnipeg na Kanada ya daɗe yana fama da gansakuka, kuma takin da ke gangarowa daga gonaki na cikin manyan dalilan.

A gida ma akwai darasi. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗejiya da Nguru ya sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suka tafka asara. Madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, wadda aka kammala a 1983, ita ma tana karɓar duk ƙasar da gonakin da ke samanta suka zubar.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa: a bar tazarar ciyawa da itatuwa tsakanin gona da gaɓa, a zuba taki daidai buƙata, a daina wanke tankin feshi a korama, a kuma tsare burtali da mashaya. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021, na aiki a Katsina kan farfaɗo da ƙasa. Ya kamata gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da hakimai su sanya gaɓar koramun Batsari da Safana a sahun gaba, domin ruwan da zai ƙafe shi ne wanda manomi da makiyayi za su yi rububi a kansa.