Yoyon Fitsari Ba Iri Ɗaya Ba Ne, A Yi Hattara

Jama'a, kafin a kai mace ƙaramin aikin nan na yoyon fitsari, wanda ba a tsaga ciki, a sani fa cutar ba iri ɗaya ba ce.

Ta farko ita ce wadda fitsari kan kuɓuce wa mace in ta yi tari ko ta ɗauki kaya, don naman da ke riƙe da mafitsara ya saki. A 1996 wani likitan Suwidin, Ulf Ulmsten, ya fito da dabarar zura wata siririyar raga ta tallafi hanyar fitsari. Amma a 2018 Ingila ta dakatar da aikin, domin ragar ta jawo wa mata da yawa azaba.

Ta biyu kuwa, wadda ta fi addabar matanmu, huji ce da doguwar naƙuda kan yi wa mafitsara. Wannan raga ba ta toshe ta, sai ɗinki. Gwamnatin Tarayya na da asibitinta a Abakaliki, watau mazauna Kudu ba sai sun je Babbar Ruga ta Katsina ba.

Saboda haka maigida, kada ka biya ko kwabo sai likita ya auna, ya faɗi wace iri ce.