Ƙuri'ar da aka ce na zubar

Na san kun saba in zo muku da zancen awo, rigakafi da kunun yaye. Yau ku yi haƙuri, siyasa za mu taɓa. Wata 'yar'uwa daga Ringim ce ta jawo, a ƙarƙashin rubutun makon jiya. Ta ce tun yanzu an fara hirar zaɓen 2027 a gidansu, kuma duk lokacin da ta ambaci ɗan takarar da ba na manyan jam'iyyu biyu ba, sai maigidanta ya ce wannan asarar ƙuri'a ce, gara ta zauna ta yi wankinta. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai a ɗakin nas-nas, domin ni ma an taɓa faɗa mini haka.

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023 na sauko daga aikin dare, ban ko runtsa ba, na goya autata na nufi rumfar zaɓenmu a nan Kiyawa. Kun tuna lokacin. Canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi ɓatan dabo, mace na da kuɗi a banki amma ba ta da na cefane a hannu. Na dangwala wa kwandon kayan marmari, wato NNPP, jam'iyyar da Rabi'u Musa Kwankwaso ya tsaya a cikinta. Da aka tambaye ni a gida ban ɓoye ba. Ƙanin mijina ya samu abin tsokana, kullum ya shigo sai ya ce, "Matar Yaya, ina rabona na lemo da abarba?" Wannan da sauƙi. Wan mijina kuwa, wanda ɗan PDP ne na gani-kashe-ni, bai ce da ni uffan ba, kun san tsakaninmu da kunya. Sai ya aiko maigidan da lissafi a bayan takardar magani.

Lissafin nan har yau yana cikin jakata. A Jigawa, Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'a 421,390, Atiku Abubakar na PDP 386,587, Kwankwaso kuma 98,234. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai dubu 35 ba, ƙuri'un kwandon kuwa sun kusa ninka ta uku. A ƙasa baki ɗaya Tinubu ya ci da 8,794,726, Atiku na biye da 6,984,520, Peter Obi na jam'iyyar Leba 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Yaya ya ja layi a ƙarƙashin sunaye ukun ƙarshe. Dukansu a PDP suke har farkon 2022, kuma idan aka haɗa ƙuri'unsu sun haura miliyan 14 da rabi. Saƙonsa a fili yake: ku ne kuka raba mana ƙuri'a.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai gaskiya a cikin takardar nan. Duk wadda za ta zaɓi ɗan takara na uku ta san cewa hannunta na iya taimakon wanda ba ta so. Inda muka rabu da Yaya shi ne tunaninsa cewa ƙuri'ata dama ta PDP ce, aro Kwankwaso ya yi. Ni kuwa da babu kwandon nan a kan takarda, wataƙila barcina zan yi bayan aikin dare. Irina suna da yawa. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a 2023, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka ƙuri'un 'yan takarar duka. Su babu wanda ya aika musu da takarda.

Dalilina ba mai tsawo ba ne, daga wurin aiki na ɗauko shi. A wani asibiti da na taɓa aiki, akwai daren da mata huɗu suka zo naƙuda, mu biyu ne kacal a ɗakin haihuwa, wuta ta ɗauke, da fitilar waya muka karɓi haihuwa biyu. Wanda bai taɓa tsayawa a kan mace tana zubar da jini ba, yana lissafin minti nawa mota za ta yi kafin ta isa inda ake da jini, ba zai gane yadda ƙarancin ma'aikata yake cin rai ba. To ni abin da na duba shi ne, a cikin 'yan takarar, wa ya taɓa riƙe jiha kusa da mu har na ga ya ƙara yawan masu irin aikina? A zamanin gwamnatinsa a Kano aka buɗe makarantar koyon aikin jinya ta Madobi. Ya tura ɗaruruwan ɗalibai karatu ƙasashen waje, har da 'yan mata masu karatun likita. Jami'ar kimiyya da ke Wudil, wadda muke wucewa duk sanda za mu Kano, a mulkinsa na farko aka kafa ta. Ga ciyar da 'yan firamare da ɗinka musu kayan makaranta. Wata za ta ce ai kowane gwamna yana da abin nunawa, kuma haka ne. Mu nan Jigawa ba za mu manta da shirin Haihuwa Lafiya na zamanin Sule Lamido ba. Ni dai a kan takardar shugaban ƙasa ta ranar, wancan ne aikin da na gani da idona.

Amma ko a kan layi, da goyo a bayana, na san ba zai ci ba. Nan ne nake so ki natsu, 'yar'uwa ta Ringim, domin mazan da ke mana ba'a ma da yawansu ba su san ƙa'idar ba. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum kujerar shugaban ƙasa a Najeriya. Sashe na 134 na kundin tsarin mulki ya ce sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jiha 24. Mutum zai iya cika filin wasa da jajayen huluna a Kano, ya kwashe ƙuri'a 997,279 a jihar kamar yadda Kwankwaso ya yi, amma Kano jiha ɗaya ce a lissafi. Ko a nan Jigawa, maƙwabciyarsa, bai kai kashi ɗaya cikin huɗun ba. Obi ya fi shi yaɗuwa nesa ba kusa ba, ya ci jiha 11 da Abuja, har Legas ya ƙwace, amma a Jigawa ƙuri'arsa ba ta kai dubu biyu ba. Kowannensu yana da rabin ƙasa da ba ta san shi ba.

Ga kuma ɗawainiya. Rumfunan zaɓe sun haura dubu 176 a faɗin ƙasa, kowace tana bukatar wakilin jam'iyya da zai tsaya tun safe har a ƙirga, a sa hannu a takardar sakamako. Wakilin nan zai ci abinci, zai hau babur. Manyan jam'iyyu suna da gwamnoni, ciyamomi da kansiloli da ke ɗaukar wannan nauyin. Ƙaramar jam'iyya kuwa sai ta wayi gari a ƙauyuka da yawa ba ta da ko mutum ɗaya da zai ce a sake ƙirgawa.

To me ya sa na ɓata barcina? Kakata ce ta ba ni amsar tun ina yarinya, ba tare da ta san tana ba ni ba. A 1979 ta fara jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, domin matan Arewa ba su samu 'yancin zaɓe ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da suka sha ɗauri a kai. Lokacin Kiyawa tana cikin jihar Kano, Jigawa sai a 1991 aka yanke ta. Kakata ta dangwala wa mabuɗi, alamar PRP ta Malam Aminu Kano. Malam ya zo na huɗu cikin 'yan takara biyar, da ƙuri'a kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, kuma jihar Kano kaɗai ya ci. Shehu Shagari ne ya zama shugaban ƙasa. A lissafin Yaya, kakata ma zubar da ƙuri'arta ta yi.

Sai dai jam'iyyar nan da ta faɗi a sama ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Suna hawa suka soke haraji da jangali, ba a jima ba wasu jihohin Arewa suka bi sahu, don babu gwamnan da zai iya ci gaba da karɓa alhali maƙwabcinsa ya yafe. Kakata takan ba mu labarin yadda maza ke tserewa daji idan masu karɓar haraji sun shigo gari, a bar mata da yara suna amsa tambaya, wani lokaci a kama akuyar gida. Ta ce daga shekarar mabuɗi ba ta ƙara ganin haka ba. Har ta rasu, idan aka ce Malam bai taɓa mulki ba, sai ta ce a je a tambayi akuyarta.

Irin wannan ne ribar ɗan takara na uku idan an dace. A 2023 guguwar Kwankwaso ta ba NNPP gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, da sanatoci biyu, har nan Jigawa ta ci kujerar majalisar wakilai ta Gwaram. Sannan ƙuri'a dubu 98 a jihar da ake cin zaɓe da tazarar dubu 35 abu ne da kowane ɗan siyasa zai kwana yana tunani. Wanda yake da tabbacin ƙuri'arki ba ya zuwa tambayar abin da ke damunki. Wani lokaci kuma na ukun yakan girma. Muhammadu Buhari ya faɗi sau uku, a 2003, 2007 da 2011, na ƙarshen a sabuwar jam'iyyarsa CPC da ƙuri'a sama da miliyan 12, kusan duka daga Arewa. Bai ci ba sai da CPC ta narke da ACN da ANPP suka zama APC a 2013, ya samu Kudu maso Yamma, sannan 2015 ta yiwu.

Wannan ne ya kawo ni inda nake jin haushin wanda na zaɓa. A 2022 an zauna tsakanin ɓangaren Kwankwaso da na Obi don su haɗe, zaman ya watse a kan wa zai zama mataimakin wa. Da sun haɗu, ƙuri'unsu sun kusa miliyan bakwai da dubu ɗari shida, sun wuce Atiku, kuma ɗaya yana da ƙarfi daidai inda ɗayan yake da rauni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma sun sani, girman kai ne ya hana. Abu na biyu, tafiyar da aka gina a kan mutum ɗaya da hularsa tana ba ni tsoro. Idan jagora ya sauya sheƙa gobe, ƙuri'ata ta bi shi inda ban aike ta ba. Kafin 2027 kuwa za ku ga sauya sheƙa har ku gaji, wanda yake na uku yau yana iya kwana a babbar jam'iyya, don haka kada ki ɗaura aure da alama.

Abin da zan ce miki, 'yar'uwa, ki fara tambayar kanki abin da kike nema da ƙuri'ar. Idan burinki kawai a kayar da wani ne ko ta halin ƙaƙa, maigidanki yana da hujja, wanda ya fi kusa da kayar da shi za ki duba. Idan kuwa duka manyan biyun ba su kwanta miki ba, kuma na ukun yana da aikin da kika gani, ba labarin Facebook ba, ki ba shi da idonki a buɗe, kin san Abuja da wuya. Ki kuma saurari alkawari da kunne biyu. Tinubu, Atiku da Obi duk sun faɗa kafin zaɓe cewa za su cire tallafin man fetur, da yawanmu ba mu ji ba sai ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire, kuɗin mota zuwa kasuwar Shuwarin ya tashi. Ni a wannan karon tambayata ga kowane ɗan takara ɗaya ce: a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, shi nawa zai ware, kuma nawa ya ware a inda ya taɓa mulki?

Kada kuma ki manta takarda uku ake ba ki a ranar: shugaban ƙasa, sanata da ɗan majalisar wakilai. Ba dole ba ne su tafi jam'iyya ɗaya. Zaɓen gwamna da na majalisar jiha yana zuwa daban, kuma maganin awo, albashin ungozoma da motar ɗaukar mai naƙuda sun fi kusa da Dutse fiye da Abuja.

Batun gida kuwa, kada ki yi irin wautata. A cikin akwatin dangwale daga ke sai Allah, babu dokar da ta ce ki faɗa wa kowa, kuma taliya ko turmin atamfa da aka raba ba rantsuwa ba ce. Ni bakina ne ya ja mini wata biyu ana amsa gaisuwata a daƙile. Mun shirya da Yaya ranar sunan jikarsa, wadda ni na karɓi haihuwarta, amma har yau idan maigidan ya je gaishe shi sai ya tambaya ko takardar tana nan.

Ku rubuto mini a ƙasa, musamman waɗanda suka zauna a gida a 2023, ina so in ji abin da ya hana ku fita. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki, da maganin da ake ba ku a wurin awo wanda na san wasunku a ƙarƙashin katifa yake ƙarewa.