Sharhi: Kayan Ɗaki da Bashin Iyayen Amarya



Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako da ke Laranto, a nan Jos, a lokacin da bukukuwa suka yi yawa, zai ga dattawa tsaye gaban kafintoci suna cinikin gado da kujeru da sif. Da yawansu iyayen amare ne. Wani adashe ya ɗauka, wani fili ya sayar, wani kuwa bashi ya ciwo, ranar biya sai Allah.

Lokacin da kakanninmu suka zo haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, uwa ce ke tara wa 'yarta kayan ɗaki sannu a hankali, tun yarinya na ƙarama. Ƙwarya da tasa ne, daga baya aka shiga zamanin kwalla da langa da fanteka. Yau ana jiran uba ya kawo saitin kujeru da firji da labule da kayan kicin a tashi ɗaya. Ango ma yana can yana fama da akwatunan lefe. A kan kamu da sa lalle da wuni, an ƙaro dina da anko da mai kwalliya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin katako da na dako suka tashi, amma jerin kayan bai ragu ko da cokali ba.

Wasu sauye-sauyen alheri ne. Yanzu an fi neman yardar yarinya, ana kuma gwajin jini kafin ɗaurin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Wannan a riƙe shi da kyau.

Amma wa ya ɗora wa uba wannan kaya? Addini waliyyi ya nema, da shaidu da siga da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne a Malikiyya. Ci da sutura da muhalli suna kan miji. Jeren da malaman mazhabar suka ce amarya ta yi, gwargwadon sadakin da ta karɓa ne. Sauran duk mu muka ƙirƙira, saboda tsoron gorin dangin miji ranar jere. Ga shi a Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos akwai 'yan mata da suka sami manema na kirki, an kai kuɗin gaisuwa, amma ana ta ɗaga rana don uba bai haɗa kaya ba. Abin na ƙona rai.

A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mata 1,800, ta biya sadaki, ta sayi gado da katifa. An taimaka, amma babu gwamnatin da za ta iya yi wa kowace amarya jere.

A nan Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma wa'azi ya kawar da al'adun biki da dama da ake ganin ba za su taɓu ba. Don haka malamanmu na kowane ɓangare, ku ɗauki maganar nan a mumbari. Masu unguwanni, ku zauna da iyaye mata, domin a hannunsu jere yake. Ku kuma attajiranmu, ku fara sauƙaƙawa a auren 'ya'yanku, tunda ku talaka ke kallo.