Itace a Cikin Birni

A shekarar 1965 gwamnatin Nijar ta fara dasa itatuwa a gefen birnin Yamai, yawancinsu dogon yaro, don su tare iska da ƙura. Da suka girma, mutane suka sami inuwa, tsuntsaye suka sami wurin sheƙa. Daga baya jama'a ta ƙaru, aka sare da yawa aka gina gidaje.

Wannan hasara ce babba. Yaron da ya tashi tsakanin bango da kwalta ba ya sanin kukan kurciya, balle amfanin ganye. Saboda haka ya kamata masu tsara unguwa su keɓe wurin itace tun kafin su yanka filaye. Gida akan gina shi cikin shekara guda, amma inuwa sai an daɗe ana jira.