Kafin Ka Sayi Kwamfutar Miliyan Huɗu Ka Aika Gida

Daga Wakilinmu na Arewa, Jalingo

Jama'armu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Sabon Badun da Shagamu, har zuwa Anaca da Fatakwal. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan mako, wata magana ce da ta taso a gabana a shagon wani yaro mai ɗaukar hoto nan Jalingo, ba nisa da babbar kasuwa. Na ga maganar ta shafi aljihun da yawa daga cikinku, shi ya sa na ce bari in kawo ta fili.

Yaron nan sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu, yana kuma taɓa zanen katin gayyata da kalanda. Ba laifi, yana da hannu. Ina zaune sai ya buga wa yayansa waya, wanda ke sayar da kayan gwari a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ya ce: "Yaya, ni dai abin da ya rage mini in zama cikakken ma'aikaci kwamfutar nan ce mai alamar tuffa. In ka taimaka ka saya mini ita, na gama roƙonka har abada." Da yayan ya ji ina wurin sai ya ce a ba ni. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, kai ka yi boko, don Allah gaya mini tsakaninka da Allah, abin nan ya ci kuɗinsa?" Na ce masa Alhaji ka yi mini haƙuri, amsar ta fi ƙarfin katin waya, ka nemi jarida.

To, ga amsata. Kwamfutar tana da kyau, babu ja. Amma cikin masu irin wannan sana'a da na sani a garin nan, kaɗan ne ƙwarai aikinsu ya kai su riƙe ta, yaron nan kuwa bai kai ba tukuna.

Mu fara da kuɗi. Kwamfutar tafi-da-gidanka da samari ke mafarki ita ce MacBook Pro ta kamfanin Apple na Amurka. A shekarar 2024 kamfanin ya sa wa mai faɗin inci 16 farashin dala 2,499, wannan kuwa mafi araha ke nan cikin irinta. A shekarar ce dala ta haura naira 1,500. In ka buga lissafi za ka ga naira miliyan 3 da dubu 700 da 'yan kai, ba a sa kuɗin dako da kwastan da ribar mai kanti ba. Kafin Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi wa kanta daraja, dala a hukumance wajen naira 460 take, watau ita wannan kwamfuta farashinta ya ninka sau uku a kuɗinmu alhali a ƙasarsu bai motsa ba. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya shekara huɗu da wata biyar bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya tara kuɗinta. Kai da ke sauke kwandon tumatir tun kafin asuba, ka fi ni sanin kwando nawa ne miliyan huɗu.

Amma kada a ce na zalunce ta. Tun Nuwamban 2020, da kamfanin ya fara sa wa kwamfutocinsa ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, wadda ya kira M1, suka zama ba su cin wuta sosai, ba su kuma saurin ɗaukar zafi. Batirinsu kan kai mutum wuni, kuma ko an cire su daga soket ƙarfinsu ba ya raguwa kamar yadda na wasu manyan kwamfutoci kan yi. Ga allonsu yana nuna launi yadda yake, abin da mai gyaran hoto ke matuƙar bukata. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da samarin ke da ita. Na yarda da ita.

Sai dai tambayar ita ce, wane aiki za a ɗora mata? Mutumin da ke haɗa fim mai tsawo, wanda aka ɗauka da kyamara biyu ko uku da hoto mai nauyin nan da ake kira 4K, ga gyaran launi, ga gyaran sauti, ga mai aikin ya sa masa ranar karɓa, wannan lalle ƙaramar kwamfuta za ta ɓata masa lokaci, lokacinsa kuwa kuɗi ne. Haka wanda ƙungiyoyin agaji ko ma'aikatun gwamnati ke ɗauka kwangila ya hau Mambila ko ya shiga gandun dajin Gashaka-Gumti ya ɗauko musu fim, ya kuma tace shi a can inda babu soket. Irin waɗannan, idan sun riga sun sami masu ba su aiki a kai a kai, su saya, za ta mayar da kuɗinta. Shi kuwa yaronmu fa? Bidiyon bikin da ya kwana uku yana gyarawa, a ƙarshe ta WhatsApp za a tura wa dangin amarya, WhatsApp kuwa matse bidiyo yake yi ya rage masa kyau don ya yi saurin tafiya. Sa'an nan a kalle shi a wayar da allonta ya tsage. Uwar amarya ba za ta taɓa tambaya da wace na'ura aka haɗa ba. Abin da za ta duba shi ne ko fuskar 'yarta ta fito, ko an ji muryar mai waƙa, ko an nuna ta lokacin da take liƙi.

Waɗannan kuwa ba daga kwamfuta suke fitowa ba. Fuska tana fitowa ne daga idon kyamara da fitila, murya kuwa daga makirfo. Na kalli aikin yaron. Hotonsa na dare duhu ne, sautinsa kuwa rurin janareta ya cinye rabinsa. Ko da kwamfutar miliyan goma aka ba shi, ba za ta mayar da abin da bai shiga kyamara ba tun farko.

Masu zanen fosta da kati su ma haka. Lokacin zaɓen 2023 babu bangon da ya tsira a Jalingo, daga titin Hammaruwa har Mil Shida, kuma masu ɗab'in da na sani da CorelDRAW suka yi aikinsu a kan tsofaffin kwamfutoci na hannu, wasu ma an ɗaure murfinsu da salatif. Ba wanda ya fasa ba su aiki saboda haka. Mu tuna kuma harkar fim ɗin Hausa da ake alfahari da ita yau, a kan kaset ɗin bidiyo ta tashi, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990. Ba na cewa a koma kaset, ina dai cewa sana'a ce ta jawo kayan aiki, ba kayan aiki suka jawo sana'a ba.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara, domin wanda ke Ikko yakan manta yadda gida yake. A Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta da ke tsakanin Jos da Gombe, Jalingo da Yola da Gombe suka shiga duhu na makonni. A Oktoban shekarar kuma aka sake yin wani duhun da ya game yawancin jihohin Arewa kwana da kwanaki. Madatsar wutar Mambila mai megawat 3,050, wadda tun muna yara muke jin labarinta, a jiharmu aka tsara ta, amma ko kwan fitila ɗaya ba ta taɓa kunnawa ba. Batirin da ke wuni ya yi kyau, amma ba ya mako. Kuma ba kwamfuta kaɗai ke shan wuta a shago ba: akwai batiran kyamara, da fitilu, da injin buga hoto, da fanka, don zafin Maris da Afrilu a nan ba ya wasa. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ya tashi daga ƙasa da naira 200 lita, har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Saboda haka shagon da ke da faifan sola da inbata da batir, ko da kwamfutarsa matsakaiciya ce, zai riga mai kwamfutar miliyan huɗu miƙa aiki.

Sai batun gyara. Sababbin kwamfutocin Apple an liƙe musu ƙwaƙwalwar aiki da ma'ajiyar bayanai a jikin babban faifansu, ba a ƙara su, ba a kuma cire su a sauya yadda ake yi wa wasu. Abin da ka saya da shi za ka zauna. Kamfanin ba shi da kantin kansa ko ɗaya a Afirka, wakilansa masu izinin gyara kuwa a manyan birane irin su Ikko suke. In allo ya fashe, ko shayi ya zube a kan madannai, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone wani abu, to kaya sai sun yi tafiya. Wanda ya san hanyar Jalingo zuwa Wukari, musamman bayan da ruwa ya karya gadar Namnai a daminar 2024, ya san abin da tafiyar nan ke nufi. Amma HP ko Dell ko Lenovo, ba ka rasa mai buɗe ta a nan cikin gari, in kayan gyaran babu, a aiko da su daga Yola ko Kano a motar safe. Ban ma yi maganar ƙurar hunturu ba, ko ɗan fizge da ke jiran yaro mai jaka a kafaɗa ya fito daga wurin biki ƙarfe 11 na dare. Jarin gida gaba ɗaya a jaka guda!

To me za a yi da kuɗin, in Allah ya hore? Ni a ganina a raba su. A nemi kwamfuta matsakaiciya mai ƙwaƙwalwar aiki giga 16, mai ma'ajiya irin ta zamani da ake kira SSD, sabuwa ko ta hannu mai lafiya. In kuwa yaro ya nace sai mai tuffa, akwai ƙanwarta MacBook Air, wadda ta fito a kan dala 999 a 2020. Ba ta da fanka a ciki, saboda haka ba ta zuƙar ƙura, kuma ta ishi bidiyon biki. Ragowar kuɗin a sa a sola, da makirfo na maƙalawa a riga, da fitila, da idon kyamara mai gani cikin duhu. A kuma sayi faifan ajiya biyu na waje, a riƙa kwafe kowane aiki a kansu. Na san wani mai hoto da faifansa ɗaya tilo ya mutu da bikin mutane a ciki. Biki kuwa ba a maimaita shi. Har yau akwai unguwar da ba ya bi.

Kada kuma a manta manhaja ita ma kuɗi ce. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop da Premiere, ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata maimakon sayarwa gaba ɗaya. Akwai DaVinci Resolve, wadda ke da kashi na kyauta da ya isa a haɗa fim sosai, sai dai tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da kuma yaro mai haƙurin koyo.

Ku da za ku shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, kada ku tafi ku kaɗai, ku ɗauki wanda ya san kan abin. Kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta hawa kan yawancin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta Intel ta gaza zubi na 8. Saboda haka tsofaffin da Turawa suka yar za su yi ta kwararowa da araha, an goge su suna ƙyalli. A tambayi zubin kafin a yi ciniki. In ta Apple ce ta hannu, a tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa, in ba haka ba tana iya kulle kanta ta zama faranti. A duba lafiyar batir, a kunna ta a yi aiki da ita a nan gaban mai kanti, a karɓi rasit mai lambar na'urar.

Na san akwai abin da ba a faɗa a waya. Yaro yana so in ya buɗe jaka a gaban mai ba da kwangila a ga tuffar nan tana walƙiya, a ɗauke shi babban ma'aikaci. Kai ma yaya kana so a ce a gida wane ya yi wa ƙanensa abin kirki. Ban raina wannan ba, kuma gaskiya ne akwai ofisoshin da ake auna mutum da kayan hannunsa. Amma kafin ka taɓa jarinka, ka sa ya kawo maka littafin shago. Aiki nawa ya yi cikin wata shida da suka wuce, nawa aka biya shi, kuma aiki nawa ne ya kuɓuce masa don kwamfutarsa ta gaza, ba don rashin wuta ko rashin kyan sauti ba? In ribar da sabuwar za ta ƙaro za ta biya kuɗinta cikin shekara biyu, saya masa, har da addu'a. In kuwa babu littafin ma sam, to ka ga inda za a fara.

Na yi wa yaron tambayoyin nan da kaina bayan mun ajiye waya. Ya ce littafi yana kansa. Da na matsa, sai ya ƙirga mini aiki biyu da suka kuɓuce masa bana: ɗaya ranar da babu wuta kuma babu kuɗin mai, ɗaya kuwa ango ne ya ƙi cika kuɗi don ba a jin huɗubar liman. Bai ji daɗin hirar ba, ko rakiya bai yi mini ba. Alhaji na Mil 12, wannan ita ce amsar da na yi maka alkawari. In ka zo Sallah, ka taho da makirfo da faifan ajiya biyu, sola kuwa akwai masu haɗa ta a nan, sai mu je tare a yi ciniki.